Ranar da Aka Tambayi Yaya Sunana a Damagaram

Tun da na dawo ba ku bar ni na sarara ba. Wannan ta kira, waccan ta aiko, Bilki kuwa har ɗaki ta biyo ni, wai in kilishi ya ƙare to a ba ta labari. Na gaji da maimaitawa. Kuma duk lokacin da na iso wani wuri a cikin labarin sai muryata ta kama rawa, in hau dariya kamar wadda ake yi wa cakulkuli, hawaye na zuba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in saka a zauren nan namu na 'yan aji, kowa ta karanta da kanta. Wadda ta ji an ce an tsare mu a Nijar, ba ƙarya aka yi mata ba. Saura ƙiris a saka ni a mota ɗaya, a saka mahaifiyata a wata. Amma ku bari in ɗauko muku zancen tun daga gida.

Waɗanda suka san gidanmu sun san ni ce 'yar fari. Ana yaye ni kakata Inna ta ɗauke ni zuwa Zango, a hannunta na tashi, sai da zan shiga sakandare na dawo Daura. Mahaifiyata, Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Ita kuwa, shekarata goma sha tara a duniya, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta kira ni, "ke" ce. In tana ba wani labarina, "'yar Inna" ce ko "waccan". In baƙuwa ta ce, "Wannan ce babbar taki?" sai ta tashi ta hau neman wani abu a ƙarƙashin gado. Ban taɓa jin haushi ba, haka na taso na gani. Kunyar ɗan fari ce. Iyayen wasunku sun sassauta, tawa ta riƙe abinta da hannu bibbiyu.

Sana'arta haɗa turaren wuta da humra, kayan haɗin kuma daga Damagaram take sarowa, ita da wata ƙawarta. Wannan karon ƙawar tana jego, Baba kuma ya ce ba za ta tsallaka ita kaɗai ba. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji ta ce masa, "To a ba ni waccan, tunda ta iya karatu." Kwana uku ban iya cin abincin kirki ba don murna. Ni da iyakar tafiyata Kano, yau ga ni zan fita ƙasar waje. Har lalle na yi.

Ranar Laraba da sassafe muka je tasha. Motar ƙarama ce, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, buhuna kuma a saman kamar an ɗora mata rawani. Kusa da ni aka zaunar da Maman Emeka, wadda take da shagon kayan gyaran babur a bakin tashar, za ta kai wa wani abokin cinikinta kaya. Hausarta ta fi tawa gishiri. Ba mu ko fita gari ba ta dubi Yaya, ta dube ni.

"Hajiya, wannan kyakkyawar taki ce?"

Yaya ta leƙa ta taga ta ce, "Malam direba, an ɗaure jakar nan tawa da kyau kuwa?"

Maman Emeka ta tafa hannu. "Kun ji abinku. Ni sunana na yanka ya ɓata tun ranar da na haifi Emeka, ko mijina Maman Emeka yake ce mini. Ku kuma sai ku haifi ɗa ku riƙa ɓoye shi kamar kayan sata."

"Kowa da kiwon da ya karɓe shi," in ji Yaya.

Duk motar aka yi dariya, ni ce ma na fi kowa. Da na san abin da ke gaba, da na adana dariyar.

Ba a jima ba muka wuce Mai'aduwa muka iso Kwangwalam, bakin iyaka. Ni a zatona zan ga wata ƙatuwar katanga da ƙofa. Ashe titi ne kawai, da rumfuna, da masu canjin kuɗi suna kaɗa takardu a fuskar mutum, da tutar da ta sauya launi. Kowa ya sauka, aka taka da ƙafa, mota ta bi nata layin. Ga shawara ta farko ga mai niyyar zuwa: ki tafi da katin shaidarki, ki tafi da katin allurar nan mai ruwan ɗorawa, kuma kada ki cusa su a ƙasan jakar da aka ɗaure a saman mota, kamar yadda wata baiwar Allah ta yi, sai da aka kwance igiya gaba ɗaya direba yana ta sababi. Baiwar Allahn nan ni ce.

A ɓangaren su, direba ne yake tattara katunan fasinja ya kai wa jandarma, wato jami'an tsaronsu na hanya. Jandarman ya zauna a inuwa yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ji nasa ya je ya karɓa. Da ya iso kan nawa ya lanƙwasa shi ta hanci har na kasa gane kaina, sai da Maman Emeka ta zungure ni. Ya duba takardata, ya duba ta Yaya. A nan na fara lura da wani abu: tawa tana ɗauke da sunan Baba, tata tana ɗauke da sunan mahaifinta, babu kalma ɗaya da ta haɗa mu. Ya buɗe baki zai yi tambaya, sai direba ya ce, "Shugaba, mutanena ne, shekara da shekaru nake ɗaukar Hajiya." Aka miƙo mana katunanmu. Ban sake tuna zancen ba.

Muna tsallakawa layin wayata ya mutu murus. Shawara ta biyu ke nan: layinmu ba ya bin mutum can, sai an sayi nasu. Kuma ki haddace lambar gida a ka.

Daga nan sai Matamai. Jama'a, rake. Ban taɓa ganin rake mai kauri irin nasu ba, sai ka ce taɓarya. Direba ya tsaya muka ci abinci a wata rumfa, aka kawo mini burodi dogo kamar sandar makiyayi, bayansa tauri, cikinsa iska, aka tsaga shi aka zuba dafaffen wake da mai da yaji. Gutsuren farko ya karce mini dadashi, amma ban tsaya ba sai da na ga ƙarshensa. Mai rumfar ta ce mini, "'Yar Najeriya ce ko? Ku da kun ga burodi sai ku matsa shi da yatsa kamar kuna zaɓen katifa." Gaskiyarta, na matsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a hanyar shi ne igiya. A wurinmu in za a tsayar da mota, ganguna ake jerawa da itace mai ƙusoshi. Su kuwa igiya ce siririya aka ɗaura daga wannan gefe zuwa wancan, an rataya mata tsummoki, kuma babbar mota sai ta zo ta tsaya cak a gabanta kamar ta ga zaki. Mun wuce irinsu a Kance, mun wuce a Takeita inda muka hau babban titi, kowane wuri a tattara kati a kira suna. Kafin mu isa har na fara amsa sunana na hanci da yanga.

Da la'asar muka shiga Damagaram. Duwatsu ne manya-manya a tsakiyar gari, gidaje sun raɓe a jikinsu. A tasha muka rabu da Maman Emeka, ta ja kumatuna ta ce, "Ki kula da wannan matar da ba uwarki ba." Muka hau babur, su kabu-kabu suke ce masa, zuwa gidan wata Hajiya Fanta inda Yaya take sauka kullum in ta zo. Muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabciya ta ce an yi musu rasuwa a Gure, gidan duka sun tafi, sai bayan bakwai. Ta ce amma akwai masauki a bayan layin, na mutumin kirki, mata 'yan kasuwa suna kwana.

"Otal?" in ji Yaya. "Ni?"

Kun san yadda abin yake a garinmu, mace ta shiga otal ko ruwa ta je sha, kafin ta fito labari ya riga ta gida. Amma rana tana faɗuwa, kasuwa kuma gobe take ci. Ta ja mayafi har hanci, muka tafi.

Ashe gida ne kamar kowane gida, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, ga darbejiya a tsakiya da tabarmi a ƙarƙashinta. Mai gidan, Malam Isufu, dattijo ne, tsohon malamin makaranta, da tabarau a ƙarshen hanci. Matarsa, wadda kowa yake ce wa Tanti, ita ke da kicin. Ya yi mana maraba kamar ya san kakanninmu, sannan ya ciro wasu 'yan takardu ya ce sai an cika fis. Ya yi mana bayani cewa a ƙasarsu duk baƙon da ya kwana a masauki sai an rubuta sunansa, da inda ya fito, da abin da ya kawo shi, kuma kowace safiya shi da kansa yake kai takardun ofishin 'yan sanda. Ba wani abu ba ne, in ji shi, ƙa'ida ce.

Ya rubuta na Yaya. Ya nuna ni da biro.

"Yarinyar fa, ya sunanta?"

"Ke, ba shi katinki," in ji Yaya.

Ya kwafa. "Me take a gare ki, Hajiya?"

"'Yar Inna ce."

"Wace ce Inna?"

"Wata tsohuwa ce can wajenmu."

"To ku biyun, me ke tsakaninku?"

Yaya ta gyara mayafi, ta dubi darbejiya. "Rakiya ta yi mini."

Ina tsaye a wurin, ina jin komai. Kalma ɗaya ce za ta fito daga bakina a wuce wurin. Amma wace 'ya ce za ta ƙaryata uwarta a gaban baƙon namiji? Na rufe baki da gefen hijabi ina ƙunshe dariya. Malam Isufu ya dube mu ta saman tabarau, ya rubuta abin da aka faɗa masa da Faransanci, ni mai karatun da aka ɗauko ban gane ko harafi ba.

Bari in ba masaukin nan haƙƙinsa, don in kun je can za ku sauka. Ɗaki tsaf, zanin gado da ƙanshin sabulu. Famfo akwai, amma na ado ne, ruwa a garin sai an yi tanadi, Tanti ta kawo mana bokiti biyu ta ce mu yi tattali. Na ciro cajata zan saka, sai na ga ramukan bangon biyu ne zagayayyu, tawa kuma mai ƙafa uku ce masu faɗi. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa, wayata ta yi ƙara ta ɗauke. Shawara ta uku ke nan. Bayan magariba Tanti ta kawo dambu da zogale ya sha ƙuli, da kilishin da in ka ɗaga shi kana hango fitila ta ciki. Sai Malam Isufu ya kafa 'yar butarsa a kan gawayi ya fara shayi. Na karɓi ɗan ƙaramin kofi na kurɓa, ɗaci ya bugi ƙwaƙwalwata, na yi godiya zan tashi. Tanti ta riƙe mini zani. "Ina za ki? Uku ne. Wanda ya sha na fari bai jira na uku ba, ya ci wahala ya bar daɗi." Na zauna. Na ukun kuwa zuma. Na yi barci ina cewa a raina ni da zama a Daura kuma sai dai ziyara.

Da safe Malam Isufu ya ɗauki takardunsa ya tafi. Mun karya, Yaya tana ɗaura lalitarta za mu kasuwa, sai ga shi ya dawo, fuskarsa ba yadda ya fita da ita ba. A bayansa wata mata ce doguwa cikin kakin 'yan sanda, da wani namiji da ya tsaya a bakin ƙofa ya tokare ta. A hannun matar akwai takardunmu biyu.

Daga nan ne muryata take rawa.

Ta ce mini in biyo ta, ta kai ni zauren gidan, Yaya kuma aka zaunar da ita a gindin bishiya. Hausar matar irin ta yamma ce, kuma ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Kar ki ji tsoro, ƙanwata. Faɗa mini gaskiya, ina ta ce za ta kai ki? Agadas? Ta yi miki alkawarin aiki?"

"Kasuwa za mu je, ranki ya daɗe. Mahaifiyata ce."

"Ita ta ce ki ce haka?"

"Wallahi ita ta haife ni."

Ta nuna mini takardar. "A nan ta ce ba ta haɗa komai da ke ba. Ta ce ke ɗiyar wata tsohuwa ce. Sunanki ma ba ta sani ba, sai da aka duba kati. Wa ya san kun taho? Kira shi."

Na miƙa hannu ga wayata, na tuna gawa ce. Tanti ta kai ta gidan maƙwabta masu sola aka saka caji, aka jira, aka ciro lambar Baba, Malam Isufu ya buga da tasa wayar. Sau huɗu, ba ta shiga. Ranar ya bi dabbobi kasuwar ƙauye. 'Yar sandar ta ce ko ta shiga ma, murya a waya kowa yana iya zama uban kowa.

Aka fito da ni tsakar gida. Baƙin masaukin duk sun fito ƙofofin ɗakunansu, har da wasu fatake maza uku da kofunan shayi a hannu. Ta tsaya a kan Yaya.

"Hajiya, tambaya ɗaya. Wannan ɗiyarki ce ko ba ɗiyarki ba ce?"

Yaya ta sunkuyar da kai. "Ai ga ta nan, ku tambaye ta."

"Ke nake tambaya. Mi sunanta?"

Yaya ta ƙara jan mayafi.

"To uban nata, mi sunansa?"

Na rufe ido. Sunan miji kuma, a gaban maza. Yaya ta ce da ƙyar, "Mai gidan ne."

Ɗaya daga cikin fataken ya ce, "Madam, kunya ce fa, 'yar fari ce, ko makaho ya shafa ya san jininsu ɗaya."

"Na san al'adar, Alhaji, ba daga sama na faɗo ba," in ji ta. "Kwanakin baya wata ta biyo da 'yan mata ta nan, ita ma kunyar ta ce tana ji. Aka tausaya mata aka bar ta ta wuce. Har yau iyayensu suna zuwa ofishinmu da hotuna." Ta juyo ga Yaya. "Ga yadda za a yi. Yarinya za mu kai ta gidan da muke ajiye irinsu har danginta su zo da shaida. Ke kuma ki biyo mu ofis."

Namijin da ke bakin ƙofa ya leƙa waje ya yi wa wani alama, na ji an tayar da mota. Ban san lokacin da na durƙusa a gaban Yaya na kama gwiwoyinta ba.

"Yaya, don Allah. Don girman Allah ki faɗa. Sau ɗaya kawai, ba zan gaya wa kowa ba."

Na ɗaga kai na ga fuskarta. Gumi ya jiƙa mata goshi, leɓɓanta suna motsi, ta buɗe baki, ta dube ni, sai ta kawar da kai. Ba taurin kai ba ne, na rantse muku. Kamar a ce miki ki tuɓe a tsakiyar kasuwa.

Malam Isufu ne ya cece mu. Ya cire tabaransa ya ce, "Madam, ki yi mini alfarma ɗaya, gidana ne, baƙina ne. Laifin ma nawa ne, da na ga alama jiya ban sake tambaya a gefe ba. Matar nan ba za ta iya faɗa a gaban yarinyar ba, ba kuma za ta iya a gaban maza ba. Ki ba ni minti biyar." Bai jira amsa ba ya juya ga fataken. "Alhazai, ku zo waje in nuna muku wani rago da nake son ku sa masa ido." Babu wani rago. Suka ajiye kofuna suka bi shi, har da ɗan sandan. Tanti ta kama hannuna ta shigar da ni ɗakinmu, ta jawo ƙofa, ita ma ta koma kicin.

Abin da ba wanda ya lura da shi, tagar ɗakin nan raga ce kawai da labule, kuma gindin bishiyar yana daidai ƙarƙashinta.

Na daɗe ban ji komai ba sai bugun ƙirjina. Sai 'yar sandar ta ce a hankali, "To, Hajiya, daga ni sai ke."

Sai na ji muryar Yaya, ƙasa-ƙasa, kamar ba tata ba.

"Saratu sunanta."

Na zame na zauna a ƙasa.

"Saratu. Ni na haife ta, ranar Talata da hantsi, a ɗakin uwata a Zango, kwana biyu ina naƙuda. Ba ta yi kuka ba da ta faɗo, sai da aka yayyafa mata ruwa. Tana da baƙin tabo a tsakiyar bayanta kamar ƙwayar gyaɗa, a ƙasan kafaɗar hagu. Ba ta cin kuɓewa. Da aka yaye ta aka tafi da ita, wata guda ina zuwa bayan ɗaki in yi kuka kada a gani. Da ƙyanda ta kama ta tana shekara huɗu, na ce wa mutane gaisuwar rasuwa zan je Zango, na je na kwana bakwai a bakin ƙofa, ban shiga ba don kada a ce na zo dominta. Ita ce ta zo ta uku a ajinsu. Ki kai ni duk inda za ki kai ni, amma kada ki saka mini ita a motar nan, tsoron baƙon wuri take yi."

Ni ban san ina da wani tabo a baya ba. Wa yake ganin bayansa? Kuma ban san ta san na zo ta uku ba, don ranar da na kawo takardar sakamako ko kallonta ba ta yi ba, cewa ta yi in je in wanke tukwane.

Aka turo ƙofa. Na yi maza na haye gado na juya fuska bango. 'Yar sandar ta ce in ɗaga rigata ta baya. Na ji yatsanta mai sanyi ya sauka a ƙasan kafaɗata ta hagu, ya tsaya. Ta sauke rigar da kanta, ta gyara mini hijabi.

"Kina cin kuɓewa?"

"A'a."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Tashi ku tafi kasuwarku."

Kafin ta tafi ta zauna a teburin Malam Isufu ta rubuta wata takarda, ta buga mata hatimi, ta miƙa wa Yaya. Ta ce an rubuta a ciki cewa ni ɗiyarta ce, duk inda aka tambaye ta a hanya ta nuna. "Tunda bakinki yana da nauyi, ga wanda zai yi miki magana." Tanti kuma ta fito da fura mai sanyi ta ce ba mai fita gidanta da tsoro a ciki. Malam Isufu ya yi ta ba mu haƙuri har Yaya ta ce ya bari.

Kasuwar kuwa kada ku tambaye ni. Na san mun shiga rumfunan turare, na san an shafa mini kala-kala a bayan hannu har na daina jin ƙanshin komai, na san na sayi cuku, wato busasshen nonon nan na Buzaye, na gutsura na kusa barin haƙori a ciki. Amma ni a sama nake tafiya. Ina ta dariya ba dalili, in na hango mai kaki kuma sai in maƙale a bayan Yaya. Har yau haka nake, shekaranjiya mai gadin asibiti ya yi mini sallama na kusa zubar da kwanon abinci. Yaya kuwa ta koma yadda take. "Ke, riƙe wannan." "Ke, kina tafiya kamar kazar da ƙwai ya fashe wa." Kowace "ke" in ta faɗa sai in ji sauran a bayanta.

Shawara ta ƙarshe: in za ki tsallaka da mahaifiyarki kuma ke ce ta fari, ki tafi da takardar haihuwarki, kuma ki karɓi biro ki tsaya a kan fis ɗin nan da kanki, kunya ta jira ki a gida.

Ranar Juma'a muka juyo. A igiyar farko jandarma ya duba katunanmu, ya nuna ni da haɓa ya ce wa Yaya, "Wannan fa?" Yaya ba ta ko dube shi ba, ta zuge lalita ta zaro takardar ta miƙa ta taga. "Ga shi nan, karanta." Haka ta yi a kowace igiya har Kwangwalam, tana miƙawa da wata isa kamar mai nuna takardar fili.

Sai da muka wuce Mai'aduwa, mutanen motar duk sun yi gyangyaɗi, ta yi magana, idonta a kan titi.

"Ke. Lokacin da aka shigar da ke ɗakin nan, me kika ji?"

"Ban ji komai ba, Yaya. Fanka ce take ta ƙara."

Ranar nan tun asuba aka ɗauke wuta a unguwar, ita ce ma ta yi ta fifita da murfin kwano tana mita. Ta juyo ta dube ni, na dube ta. Ta mayar da idonta kan titi.

"To madalla," in ji ta.

Saboda haka duk wadda ta zo gidanmu sayen humra a cikinku, ta sayi abinta ta yi gaba. Ban ji komai ba, ku ma ba ku karanta komai ba.